Tsuntsayen ƙasar ƙanƙara da baƙin da ke sauka a fadamar Nguru

"Assalamu alaikum malam. Dan Allah ina da tambaya. Na ga wani bidiyo na wasu tsuntsaye suna yawo abinsu a kan ƙanƙara can arewacin Rasha, aka ce sanyin wurin yana kai digiri 40 ƙasa da sifili. Ni abun da ya ɗaure min kai, mu nan ɗan sanyin hunturu kaɗan sai kaga 'yan tsaki suna mutuwa, to su ta yaya suke rayuwa, ko ƙafarsu ba ta daskarewa? Sannan wani abokina ya ce wai tsuntsayen nan da ke cika fadamar Nguru lokacin sanyi daga can suke zuwa, ni dai ban yarda ba. Gaskiya ne ko labari ne kawai?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambaya biyu ka yi, ɗaya yadda tsuntsu ke jure sanyin da ya fi na firiza, ɗaya kuma ko baƙin tsuntsayen fadama daga can suke, amma in ka bi su a hankali za ka ga amsarsu guda ce. Abokinka dai ya yi gaskiya, ka je ka ba shi haƙuri, sai dai ba duka tsuntsayen fadamar ba ne, kuma ba irin waɗanda ka gani a bidiyon ba. Waɗancan ba sa zuwa ko'ina. Abun da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne ba sanyi ke koro tsuntsu daga arewa ba, yunwa ce. Wanda ya san yadda zai samu abinci a cikin ƙanƙara zamansa yake yi, wanda ƙanƙara ta rufe wa abinci shi ne ke kama hanya.

Bari mu fara da wurin kansa. In ka duba taswirar duniya can sama akwai wani daji da ya zagaye ta, tun daga Nowe da Suwidin da Finlan ya ratsa Rasha gaba ɗaya har ƙarshen Saberiya, ya tsallaka Alaska da Kanada. Shi ake kira taiga, babu dajin da ya kai shi faɗi a doron ƙasa. Yawancin itatuwansa dangin fayin ne, ganyensu siriri mai tsini wanda galibi ba ya zubewa da sanyi, 'ya'yansu kuma suna ɓoye cikin wani kwanso mai ɓawo-ɓawo. In ka ƙara yin arewa sai itatuwan su gajarce har su ƙare, ka shiga tundura, fili ne fetal sai gansakuka da ciyawa da 'yan guntayen itatuwa da ba sa wuce gwiwa, ƙarƙashin ƙasar a daskare yake shekara da shekaru, sama-sama kawai ke narkewa na wata biyu zuwa uku. Digiri 40 ƙasa da sifili da ka ji ba ƙari ba ne, a birnin Yakutsk wannan shi ne sanyin yau da kullum a Janairu, kuma a garin Oymyakon an taɓa auna 67.7 ƙasa da sifili a 1933. Firizar gidanka 18 take kaiwa. Ga kuma duhu, a garin Tromso na Nowe rana ba ta fitowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, sannan daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli ba ta faɗuwa. Ka riƙe wannan maganar ta rana don za mu dawo mata.

Yadda jikin ke riƙe zafi

Zafin jikin tsuntsu ya fi namu, tsakanin digiri 40 zuwa 42 yake, namu 37. Kenan tsuntsun da ke tsaye a sanyin 40 ƙasa da sifili akwai tazarar digiri 80 tsakanin cikinsa da iskar da ke waje, kuma abun da ke tsakani bai wuce gashi ba. Gashin hawa biyu ne, na waje mai santsi yana tare iska da ruwa, na ciki lallausa shi ke riƙe iska mai ɗumi kusa da fata. Ka lura da kaza da sassafe lokacin hunturu yadda take bubbuɗe gashi ta kumbura, to ƙara kaurin wannan iskar take yi. Su na arewa gashin cikin nasu ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma suna ƙara shi kafin sanyi ya shigo. Akwai wata babbar mujiya mai ruwan toka a dajin taiga, in ka gan ta a kan reshe za ka rantse ta kai kilo 4, amma in aka ɗora ta a sikeli da kyar take wuce kilo 1, duk girman nan gashi ne. A Aislan kuwa wata agwagwar teku da ake kira eider tana tsige lallausan gashin ƙirjinta ta shimfiɗa a sheƙa, manoma suna tsare mata wurin daga dila su kuma su kwashi gashin, da shi ake yin bargo mafi tsada a duniya.

'Yan tsakinka ba wannan gashin gare su ba. Ɗan tsako a makonsa na farko bai iya riƙe zafin jikinsa da kansa ba, shi yasa masu kiwo ke kunna musu fitila ko gawayi su kai ɗakin wajen digiri 32 zuwa 35. Don haka ba a haɗa shi da babban tsuntsu mai cikakken gashi.

Maganar ƙafa ita ce ta fi burge ni. Ƙafar tsuntsu daga gaɓar nan da muke gani kamar gwiwa zuwa ƙasa kusan babu tsoka, ƙashi ne da jijiya da fata mai tauri, naman da ke motsa yatsun yana can sama cikin gashi, kaga ba wani ruwa mai yawa da zai daskare. Sannan jijiyar da ke kawo jini mai zafi daga zuciya tana manne da wadda ke mayar da jini mai sanyi daga yatsu, to kafin jinin ya sauka ya riga ya miƙa zafinsa ga mai hawa. Jinin da ya isa tafin ƙafa ya huce, wanda ya koma ciki ya ɗumama. Agwagwar da ke tsaye a kan ƙanƙara tafin ƙafarta yana iya zama digiri kaɗan sama da sifili alhali ƙirjinta na 40, ba ta asarar zafi sosai kuma ƙafar ba ta mutu ba. In abun ya yi tsanani ta ɗage ƙafa ɗaya ta cusa cikin gashi, ko ta kwanta a kansu duka biyun.

Bayan wannan akwai rawar ɗari, tsokar ƙirji tana karkarwa ta ƙona kitse ta fitar da zafi. Wasu ƙananan tsuntsaye da daddare suna sauke zafin jikinsu da kusan digiri 10 don kitsen ya kai su asuba. Wasu su cunkushe wuri ɗaya a kogon itace. Wasu kuma, abun mamaki, cikin dusar ƙanƙarar suke shiga su kwana, domin dusa mai laushi cike take da iska, cikin ramin bai cika wuce digiri kaɗan ƙasa da sifili ba ko da waje na 40. Lokacin da na je wani horo a arewacin Suwidin an nuna min irin wannan makwancin, rami biyu ne a kan dusar, ɗaya inda ta faɗa ɗaya inda ta fasa ta fito da shatin fukafukanta a gefe, da muka tona tsakiya sai ga tarin kashinta busasshe a inda ta kwana.

Amma duk dabarun nan mai suke ci, man kuwa abinci ne. Tsuntsun da ya ƙoshi sanyi ba ya kashe shi. Wanda ya kwana da yunwa dare ɗaya ya ishe shi.

Masu zama, kowa da hanyar cin abincinsa

Ina kyautata zaton wadda ka gani a bidiyo fakarar ƙanƙara ce, a littafin tsuntsaye za ka same ta da sunan ptarmigan, amma sai na ga hoton zan tabbatar. 'Yar'uwar fakara ce da zabo, lokacin ɗumi ruwan ƙasa ce mai rodi-rodi, sanyi na shigowa ta sake gashi ta koma fara fat, gashi har kan yatsunta. Abincinta toho da ƙananan rassan itatuwan da suka leƙo saman dusa, abinci ne maras daɗi maras ƙarfi amma ba ya yankewa, kuma hanjinta yana da wasu dogayen rassa biyu da ke narkar da shi. A tsibirin Svalbard, inda rana ke ɓacewa kusan wata huɗu, ita kaɗai ce tsuntsuwar tudu da ke zama duk shekara, kafin duhu ya shigo takan tara kitse har kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. Babban ɗan'uwanta na cikin daji, wanda namijinsa ke kai kilo 4 zuwa 5, shi ganyen fayin zalla yake ci duk tsawon sanyi.

Sai masu ajiya. Akwai wasu 'yan ƙananan tsuntsaye da nauyinsu bai wuce giram 11 ko 12 ba, tun daga Agusta zuwa Oktoba aikinsu kenan ɗaukar ƙwaya da ƙwari suna cusawa a tsagar ɓawon itace da cikin gansakuka, kowace ƙwaya wurinta daban, guda dubun-dubatai. Ba tari ɗaya suke yi ba don kar ɓarawo ya kwashe a tashi ɗaya. Masu bincike sun gano ɓangaren ƙwaƙwalwa mai riƙe wurare ya fi girma a irin waɗannan in aka gwada da danginsu da ba sa ajiya. Wani kuma dangin hankaka a Kanada da yawunsa mai danƙo yake liƙa nama da 'ya'yan itace a jikin reshe sama da inda dusa za ta kai, sanyin ya adana masa, kuma saboda ya dogara da ajiyarsa tun Fabrairu ko Maris yake yin ƙwai dusa na zuba a kan uwar tana kwance. A Saberiya akwai wani da ke binne 'ya'yan fayin a ƙasa, ya tono su ta cikin dusa bayan watanni, waɗanda ya manta su ne ke tsirowa su zama sabon daji.

Akwai mai gicciyen baki, bakinsa na sama da na ƙasa sun saɓa, in ka gan shi za ka ce nakasa ce, alhali da shi yake buɗe ɓawon kwanson fayin ya zaro ƙwayar da harshe. Shekarar da itatuwa suka yi 'ya'ya sosai a tsakiyar sanyi yake hayayyafa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka sanyi ba shi ne matsalar ba.

Su mujiyoyi ɓera suke ci, ɓeran kuma yana ƙarƙashin dusa yana yawo a ramukansa. Mujiyar nan mai ruwan toka da na faɗa maka fuskarta faffaɗa ce mai tattara sauti, kunnenta ɗaya ya ɗan fi ɗaya tudu, da haka take gane daidai inda motsi yake, ta taso daga reshe ta faɗa da ƙafafu ta fasa dusa mai zurfin kusan rabin mita ta cafko abun da ba ta gani ba. Farar mujiya ta tundura kuma rayuwarta a ɗaure take da wani ɗan ɓera da ake kira lemin, wanda ke yawaita duk bayan shekara 3 zuwa 4 sannan ya ragu. Shekarar yalwa tana iya yin ƙwai har 11, shekarar babu ko sheƙa ba ta yi, sai ta bar yankin ta tafi nema.

Kar ka ɗauka kowa ke tsira. Tsuntsu mafi ƙanƙanta a Turai giram 5 zuwa 6 ne, kuma wasunsu suna zama a dazukan Finlan da Suwidin, kitsen da ya tara da ɗan guntun yini a daren yake ƙonewa, gobe a sake. Shekarar da sanyi ya yi tsanani da yawansu mutuwa suke. Abun da ke rufa musu asiri shi ne uwar na yin ƙwai 9 zuwa 11 kuma sau biyu a shekara.

Masu tafiya

Yanzu ka ɗauki tsuntsun da abincinsa sauro ne da ƙuda da tsutsar cikin taɓo, ko agwagwar da ke kiwo a ruwa maras zurfi. Satumba na yi ƙwari sun ƙare, Oktoba ruwa ya daskare, taɓo ya zama dutse. Komai kaurin gashinsa ba abun da zai ci. Waɗannan su ne mafi yawa, kuma su ne 'yan cin rani, in aiki ya ƙare a gida su tafi inda ake samu, in lokaci ya yi su koma. Lokacin da arewa ke rufewa shi ne daidai lokacin da damina ta gama cika mana fadamu, kogin Haɗeja da na Jama'are sun malala, tafkin Cadi ya cika, haka fadamar kogin Kwara a Mali da bakin kogin Senegal. Ruwan yana ja da baya a hankali daga kaka har bazara yana barin taɓo cike da tsutsa da irin ciyawa. Wanda ya tsallako Sahara waɗannan ne wuraren ruwa na farko da zai tarar.

Za ka ce to in nan akwai abinci me zai mayar da su? Ka tuna yadda fadama take a Afrilu da Mayu, ta bushe ƙurmus. Can kuwa a Yuni dusa ta narke, ko'ina kududdufi, sauro da ƙwari suna ƙyanƙyashewa har su yi duhu a iska, ga rana ba ta faɗuwa, awa 24 ana kiwo. Fili ga shi ba iyaka, masu cin ƙwai ba su kai na ƙasashen zafi yawa ba. 'Ya'yan tsuntsayen taɓo da sun fito daga ƙwai suke tafiya suna cin abinci da kansu, cikin mako uku zuwa huɗu sun tashi. Wannan ribar ce ta sa tafiyar ke biyan kanta duk da waɗanda ke mutuwa a hanya.

Tafiyar kuwa ba wasa ba ce. Wata tsuntsuwar teku fara mai baƙar hula, nauyinta wajen giram 100, tana ƙwai a Girinlan da Aislan ta je cin rani tekun Antatika can ƙarshen kudu, wasunsu ta gaɓar Afirka ta Yamma suke bi. Binciken da aka fitar a 2010 bayan an ɗaura musu 'yar na'ura a ƙafa ya nuna suna yin kimanin kilomita 70,900 a shekara, kuma tana iya rayuwa shekara 30. Wani mai dogon baki a 2022, ɗan wata biyar, ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai Tasmaniya a Ostireliya, kilomita 13,560 cikin kwana 11, ba ci ba sha.

Waɗanda ke zuwa wajenmu

Wanda na fi sani shi ne wanda Turawa ke kira ruff, don shi mu masu binciken tsuntsaye muke ƙirgawa da yawa a ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi duk Janairu. Tsuntsun taɓo ne mai dogayen ƙafafu, ruwan ƙasa-ƙasa, ƙaramin kai, namiji wajen giram 180 mace wajen 110, in ka ga garke za ka ɗauka iri biyu ne. Da hantsi za ka gan su a gonakin shinkafar da aka girbe suna tsintar wadda ta zube, in shaho ya gifta su tashi gaba ɗaya su juya a tare, fari ya haska sannan ya ɓace. A nan ba shi da wani kyau. Amma in ya koma gida a Mayu namijin yana fitar da wani tulin gashi a wuya da tukku biyu a ka, wani fari wani ja wani baƙi, ba biyun da suka yi kama sak, su taru a dandali suna tsalle suna faɗa mata na zaɓa. Namijin ba ruwansa da ƙwai ko 'ya'ya, tun ƙarshen Yuni ya kama hanya, mata su biyo, 'ya'yan su taho daga baya su kaɗai ba mai nuna musu hanya. Yawancin waɗanda ke isowa nan mata ne, mazan da dama a Turai da arewacin Afirka suke tsayawa. Daga arewacin Turai har Saberiya suke fitowa.

Tare da su akwai wani ɗan mitsitsi mai giram 25 zuwa 30 da ke gudu a bakin ruwa yana caccakar taɓo, shi ɗan tundura ne na asali. Akwai wani na dajin taiga mai farin gindi wanda, duk da tsuntsun taɓo ne, a kan itace yake ƙwai cikin tsohuwar sheƙar wani tsuntsu. Akwai agwagin daji iri biyu, mai farar gira da mai dogon wutsiya, da shaho mai kamun kifi da ke zuwa daga Finlan da Suwidin. A tudu ma akwai su, in kana wucewa ta gona bayan girbi ka ga ɗan tsuntsu a kan kunya ko dutse yana tsaye ƙyam yana rusunawa, ya tashi ka ga farin gindi, to baƙo ne. Namu yawanci daga Turai suke, amma 'yan'uwansu na Alaska an bi sawunsu a binciken 2012, kilomita wajen 14,500 suke yi zuwa Sudan da Yuganda da Kenya, tsuntsu mai giram 25.

Su kuwa dinya da kirinjijiya da belbela da gauraka 'yan gida ne. Shamuwa ma ba daga Turai take ba, tsakanin nan da kudancin Afirka take kai da kawo, tana isowa gab da damina daidai lokacin da baƙin arewa ke tafiya.

Ta yaya aka sani? A 1822 a wani ƙauye kusa da Klutz a Jamus an harbo wani babban tsuntsu dangin shamuwa da mashin Afirka a soke a wuyansa, har yau yana ajiye a jami'ar Rostock. Daga 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba, kuma har yau aikin da muke yi kenan. Muna kafa raga mai laushi da asuba, in ya faɗa mu cire shi, mu auna fiffike, mu sa shi a ɗan gwangwani kai ƙasa mu ɗora a sikeli, sannan mu kwantar da shi a tafin hannu mu hura gashin cikinsa. Fatar siririya ce kana ganin abun da ke ƙasa. A Disamba jan nama za ka gani da ɗan rami a gindin wuya. A ƙarshen Maris ka hura ka ga ramin ya cike, kitse ruwan ɗorawa ya lulluɓe ciki har ya kumburo, ɗan tsuntsun ya yi nauyi a hannu kana jin bugun zuciyarsa a yatsa. Wasu sai sun kusa ninka nauyinsu, domin gabansu akwai hamada ta kilomita 1,500 zuwa 2,000. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka yi irin wannan awon a Malam Fatori bakin tafkin Cadi.

Me ke gaya musu lokaci ya yi, alhali a nan tsawon yini ba ya canzawa sosai? Wani masani Bajamushe, Eberhard Gwinner, ya ajiye irinsu a keji cikin haske da zafi iri ɗaya shekara da shekaru, amma duk lokacin tafiya sai su yi kitse su hana kansu barci suna fuffuka. Agogon a jikinsu yake. Hanya kuma suna amfani da rana da taurari da maganaɗisun ƙasa. A shekarun 1950 a Holan an kama tsuntsaye wajen 11,000 suna cikin tafiya aka kai su Suwizalan aka sake, manyan suka gyara hanya suka nufi inda suka saba, yaran suka ci gaba da bin kusurwar da aka haife su da ita suka ɓulla Faransa ta kudu da Sifen. Yadda jikinsu ke jin maganaɗisun dai har yanzu masana na kan bincike, ba a rufe maganar ba. Ni ma in faɗa maka gaskiya hannuna a wannan ƙarshen tafiyar yake, abun da ya shafi can ziyara ce da karatu da abun da abokan aiki ke turo mana.

Abun da ke damuna

Da yake rayuwarsu rabi can rabi nan ce, in gefe ɗaya ya lalace ɗayan ma ya ji. Bayan farin da aka yi a Sahel a 1968, wani ɗan tsuntsu da ke zuwa nan ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a Ingila a shekara ɗaya, sai da suka bi sawu suka gane matsalar a wajenmu take. A can kuma yankin ƙanƙara yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya tun daga 1979. Dusa na narkewa da wuri, ƙwari su fito su wuce kafin 'ya'ya su ƙyanƙyashe. Binciken 2016 a kan wani tsuntsun taɓo da ke ƙwai a Taimir ta Rasha yake kuma cin rani a gaɓar Muritaniya ya nuna 'ya'yan suna fitowa ƙanana da gajeren baki, in sun iso Afirka bakin ba ya kaiwa ga abincin da ke binne cikin yashi, da yawa ba sa kai shekara.

A namu gefen, tafkin Nguru da mashigar Marma sun shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya da Dagona a 2008, amma takarda ba ta kawo ruwa. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 malalar ruwa ta canza, ga kacalla ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye filin da da taɓo ne. A ganina wannan ya fi ɗan tarkon da yaro ke kafawa illa nesa ba kusa ba, kuma abun da ya cuci tsuntsun shi ne ya cuci masunci da manomin shinkafa da makiyayi. Wanda ba na yi wa uzuri shi ne mai zuba guba a hatsi don ya kwashi tsuntsaye ya kai kasuwa, wannan har mai ci yana cutarwa.

In kana so ka gani da idonka, ka je tsakanin Disamba da Fabrairu, da sassafe, ka nemi inda ruwa ya ja baya ya bar taɓo ko gonar shinkafa da aka girbe, ka sa rana a bayanka ka zauna shiru. In kuma wani masunci ko maharbi ya nuna maka zobe daga ƙafar tsuntsu, don Allah kar a jefar ko a ba yara, ba kuma wani abun tsoro ba ne. Ka duba da kyau za ka ga lamba da sunan gari, wani Stockholm wani Helsinki wani Moskva ko London. Ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe yadda lambar za ta fito duka, ka rubuta ranar da aka same shi da sunan ƙauyen da yadda aka same shi, ka tura wa cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ko ma'aikatan gandun Dagona. Ofishin da ya sa zoben yakan dawo da amsa, ya faɗi irin tsuntsun da ranar da aka sa masa da wurin.